Shehu Magili, malamin da ya shata iyaka tsakanin Musulunci da shirka

Fiye da shekaru 500 ke nan da rasuwar Shaihu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, wanda Kanawa suka fi sani da Shehu Magili, amma har yau da wuya a buɗe babin tarihin Musulunci a ƙasar Hausa ba a ci karo da sunansa ba.

Ba shi ne ya kawo addinin ba. Ko da ya iso Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya tarar da masallatai da limamai da sarki Musulmi, domin Wangarawa sun riga shi zuwa da fiye da shekaru ɗari. Zamansa a Kano da Katsina ma bai wuce 'yan shekaru ba.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne amsar da ya bayar ga wata tambaya da ta daɗe tana damun malaman ƙasashen Sudan: mutumin da yake furta kalmar shahada, yana azumin watan Ramadan, amma kuma yana yi wa itace ko dutse yanka don neman biyan buƙata, shin Musulmi ne mai saɓo, ko kuwa mushiriki ne?

Babu saɓani tsakanin malamai a kan girman laifin shirka, wato haɗa Allah da wani a cikin bauta. A wurare biyu cikin Suratun Nisa'i an bayyana cewa ita ce zunubin da ba a gafarta wa wanda ya mutu a kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin ɗora wannan hukunci a kan wani mutum takamaimai, ko wani gari, ko wani sarki.

A fiƙihun Malikiyya, wanda aka tabbatar wa ridda aurensa ya warware, ba ya cin gado kuma danginsa ba sa gadonsa, ba a yi masa salla, ba a binne shi a maƙabartar Musulmi. Idan kuwa sarki ne, biyayyar da ke wuyan talakawansa ta faɗi. Ke nan tambayar ta wuce muhawarar zaure, ta shafi rayuka da dukiyoyi da gadon sarauta.

Daga Tilimsan zuwa Tuwat

An haifi Almagili a wajajen shekara ta 1440 a birnin Tilimsan da ke yammacin ƙasar Aljeriya ta yau, kusa da iyakar Maroko. Sunan nasa ya samo asali ne daga Magila, ɗaya daga cikin ƙabilun Barbar, 'yan asalin arewacin Afirka.

A lokacin, Tilimsan ita ce fadar sarakunan Banu Zayyan, kuma cibiya ce ta ilmi da ta kasuwanci, inda ayarin raƙuma ke sauke zinariyar da aka ɗauko daga kudancin Sahara. A nan ya fara karatu, kafin ya tafi birnin Aljiyas wurin Shaihu Abdurrahman Assa'alibi, mai tafsirin nan da ake kira Al-Jawahirul Hisan.

Ya ƙware a fiƙihu da tafsiri da hadisi da Larabci, ya kuma ba da ƙarfi ga ilmin manɗiƙi, wato fannin da ke koyar da yadda ake tsara hujja da rarrabe ma'anoni. Shahararren malamin Masar, Jalaluddin Assuyuɗi, yana ganin karanta wannan fanni haramun ne, saboda asalinsa daga Girkawa yake. Almagili ya aika masa da martani a cikin baitocin waƙa, yana mai nuna cewa gaskiya ba ta zama ƙarya don kawai ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba, Assuyuɗi kuma ya mayar masa da amsa a waƙe. Wannan son rarraba abu kashi-kashi, da sanya wa kowane kashi iyakarsa, shi ne ya bayyana daga baya a cikin fatawoyinsa a kan kafirci da shirka.

Daga arewa sai ya gangara Tuwat, wani jerin garuruwan dabino a tsakiyar hamada, cikin yankin Adrar na Aljeriya a yau. Tuwat zango ne na fatake masu zuwa Tambutu da Gawo da Azbin da ƙasar Hausa. Ya zauna a garin Tamantit, ya ƙara karatu a wurin Shaihu Yahaya bin Yadir.

Rikicin Tamantit

A Tamantit ne sunansa ya fara fita, ta hanyar da har yau take jawo ce-ce-ku-ce. Garin yana da tsohuwar al'ummar Yahudawa, 'yan kasuwa da maƙeran zinariya da azurfa, waɗanda suke da wurin ibadarsu, suke kuma da kusanci da shugabannin garin.

Almagili ya yi fatawa cewa sun warware alƙawarin zimma da ke ba su kariya, saboda cuɗanyarsu da masu mulki da kuma yadda suke biyan jizya, don haka wajibi ne a rushe wurin ibadar tasu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ƙi amincewa, yana mai kafa hujja da cewa ginin ya daɗe a wurin kuma malaman da suka gabata ba su taɓa shi ba.

Aka aika da tambayar zuwa ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis. Muftin Tilimsan, Ibn Zakri, ya goyi bayan alƙalin. Muhammad Attanasi kuwa ya goyi bayan Almagili, kuma Imam Assanusi, mai littafin tauhidin nan Ummul Barahin da almajiran ƙasar Hausa suka sani sarai, ya yaba wa amsar Attanasi. Malam Alwansharisi ya tattara waɗannan fatawoyi a cikin kundinsa Al-Mi'iyar.

Da amsar Attanasi ta iso, a wajajen shekara ta 1490, Almagili ya jagoranci mabiyansa suka rushe ginin. Malam Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rubuta tarihinsa cikin Nailul Ibtihaj kimanin shekaru ɗari bayan haka, ya ruwaito cewa ya yi alƙawarin miskali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. An zubar da jini, waɗanda suka tsira suka watse, al'ummar da ta shafe ƙarnoni a Tamantit ta ƙare ke nan. Masu yabon Almagili sukan bi ta kan wannan babi da sauri, amma manyan malaman zamaninsa da dama sun ce ya yi kuskure tun kafin a ɗaga gatari.

Ya je Fas don ya kare ra'ayinsa a gaban malamai da Sarkin Maroko, bai sami karɓuwa ba, har wasu suka zarge shi da neman mulki. Daga nan ya juya akalarsa zuwa kudu.

Kano a zamanin Rumfa

Ya fara ya da zango a Azbin, ya koyar a Takadda, tsohon garin tagulla da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai Al'aƙib Al'anusammani, da kuma Aida Ahmad Attazakhti, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina, Katsinawa kuma suke kiransa Ɗantakum.

A Kano ya tarar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Rumfa shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma kafa majalisar Tara ta Kano. Sarki ne mai neman sabon tushe ga mulkinsa, sai ga malami mai ɗauke da tsari a hannu.

Sai dai Musuluncin Kano a lokacin yana zaune ne kafaɗa da kafaɗa da tsohon addinin da aka gada tun zamanin Barbushe da Tsumburbura. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin yadda Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji, da kuma yadda ɗansa Kananeji ya koma ga tsafin kakanninsa lokacin da yaƙi da Zazzau ya yi masa tsanani. Sarki a wancan zamani yana mulkin jama'a iri biyu ne, kuma kowane ɓangare yana sa ran ganinsa a wurin ibadarsa.

Littafin ya ce baƙon malamin ya umarci Rumfa da ya gina masallacin Juma'a, ya sare itacen da ake tsafi a gindinsa, ya gina hasumiya a gurbinsa. Wani littafin kuma, Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya danganta saran itacen ne ga shugaban Wangarawa, Abdurrahman Zaite.

Abin da ya tabbata a rubuce shi ne takardu biyu da Almagili ya rubuta wa Rumfa. Ta farko ita ce Tajud Din Fima Yajibu Alal Muluk, ɗan littafi mai babi takwas a kan wajiban sarakuna, daga kyautata niyya zuwa tsara fada, da naɗa ma'aikata, da adalci a shari'a, da hanyoyin tara dukiyar baitulmali da kashe ta. Yana ta nanata gargaɗi guda a cikinsa, cewa tushen ɓarna shi ne sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa.

Ta biyu wasiyya ce gajeriya, mai ɗauke da shekara ta 897 bayan hijira, daidai da 1491 zuwa 1492. A cikinta ya nemi sarki ya hana jama'arsa duk wani nau'i na shirka, da tsiraici, da shan giya, da cin mushe, da tauye mudu. Game da waɗanda ba Musulmi ba kuwa, abin da ya nema shi ne a hana su bayyana waɗannan abubuwa a kasuwanni da sauran wuraren da suke cuɗanya da Musulmi, saboda yawancin jama'a ba su da ilmi, kuma abin da ido ya saba gani zuciya takan karkata gare shi.

Wannan ya nuna inda damuwarsa take. Bamaguje da ke zaune a ƙauyensa yana bin addinin kakanninsa matsayinsa a bayyane yake. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya a masallaci, ɗaya a matsafa, shi ne ya hana Almagili barci.

Ya kuma zauna a Katsina na wani lokaci, inda ruwayar mutanen garin ke cewa ya koyar a masallacin Gobarau.

Tambayoyin Askiya

Daga ƙasar Hausa ya nufi Gawo, babban birnin daular Songhai, a gaɓar kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau. A can ne aka yi masa tambayoyin da suka haifar da rubutunsa mafi tasiri.

Sarkin da ya tarar, Askiya Muhammad, ba ɗan gidan sarautar ba ne. Babban kwamandan yaƙi ne na Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, ya ci Tambutu da Jenne, ya kuma gallaza wa malaman Tambutu har da yawansu suka gudu Walata. Bayan mutuwar Sonni Ali, sai Muhammad ya yaƙi ɗansa Sonni Baru, ya ci shi a watan Afrilun 1493, ya hau gadon. Ya tafi aikin hajji a 1496, ya dawo a 1498, kuma bayan dawowar tasa ne suka haɗu da Almagili.

Askiya ya gabatar da tambayoyi bakwai. Ta farko a kan malaman ƙasarsa ce, waɗanda ba su iya Larabci sosai ba amma suna yanke hukunci. Almagili ya raba malamai gida biyu: ma'abota zikiri, waɗanda ilmi da tsoron Allah suka haɗu a gare su, da kuma malaman mugunta, masu cin dukiyar mutane da ƙarya suna halatta wa sarakuna abin da suke so. Ya ce na biyun sun fi kowane maɓarnaci illa ga Musulmi. A nan ne kuma ya kawo hadisin mujaddadin da ake aikowa a farkon kowane ƙarni.

Tambaya ta biyu ita ce zuciyar al'amarin, domin a kan Sonni Ali take. Askiya ya siffanta shi da cewa mahaifiyarsa ta fito ne daga mutanen da ke bauta wa itatuwa da duwatsu, suna yi musu yanka, suna neman buƙatu a wurinsu, kuma a cikinsu ya tashi. Yana furta kalmar shahada, yana azumi, yana sadaka da dabbobi a masallatai, amma yana girmama wuraren tsafi, yana gaskata bokaye, yana neman taimakon masu sihiri. Ba a ganinsa a masallacin Juma'a, yakan tara sallolin yini ya yi su da dare, ya kuma halatta jinin Musulmi da dukiyoyinsu. To mene ne hukuncinsa da na mataimakansa, da na dukiya da bayin da ya bari?

Almagili bai fara da hukunci ba, ya fara da ƙa'ida. Ya tabbatar da matsayin Ahlus Sunna cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla saboda zunubi. Sannan, bisa tafarkin da Alƙali Iyad ya bi a cikin littafin Ashafa, ya ce abubuwa uku ne ke sa a kafirta mutum.

Na farko shi ne aƙidar da ita kanta kafirci ce, kamar musun samuwar Mahalicci ko musun annabci. Na biyu shi ne aikin da ba ya fitowa sai daga kafiri, kamar bautar gumaka, ko wulaƙanta manzanni, ko halatta abin da aka san haramun ne. Na uku shi ne maganar da ba ta fitowa sai daga wanda bai san Allah ba, ko da mai ita yana iƙirarin ya san Shi, kuma ya yarda cewa malamai sun yi saɓani a kan wannan na ƙarshen.

Kashi na biyun nan shi ne makamin. Da shi ne aiki ya rinjayi furuci: wanda ya yi wa dutse yanka ya warware shahadarsa da hannunsa, ko da harshensa bai daina furta ta ba. A kan haka ya yanke cewa Sonni Ali da mataimakansa kafirai ne, kuma yaƙin da Askiya ya yi da su jihadi ne mai falala.

Akwai sharaɗin da ya gindaya wanda masu karatu kan manta da shi: hukuncin ya rataya ne a kan idan halin Sonni Ali ya kasance kamar yadda aka siffanta. Almagili bai taɓa ganin mutumin ba, ya iso Gawo shekaru bayan mutuwarsa, kuma mai ba da shaidar shi ne wanda ya kawar da gidansa daga mulki, yake kuma riƙe da dukiyarsa. Masana tarihi na zamani sun daɗe suna nuni da cewa Askiya yana buƙatar wannan fatawa kamar yadda mai ƙishi ke buƙatar ruwa, domin ita ce ta mayar da ƙwacen mulki jihadi.

Duk da haka ba komai ne ya tafi yadda mai riƙe da takobi zai so ba. Almagili ya ƙi yarda a bautar da 'ya'yan waɗanda aka kafirta ta wannan hanya, ya ce hukuncinsu dabam ne da na wanda aka haifa a cikin kafirci tun asali. Ya ce dukiyar da aka gane mai ita a mayar masa. Ya kuma ce duk wanda aka samu a hannunsu a matsayin bawa, idan ya ce shi ɗa ne, a karɓi maganarsa har sai an kawo hujjar bautarsa.

Wata tambayar ta shafi wasu mutane da Askiya ya 'yanta saboda sun ce su Musulmi ne, daga baya ya gano suna da ɗakunan tsafi da masu kula da su, ba sa naɗa sarki ko yanke wata shawara sai da izininsu, suna kuma neman labarin abin da zai faru daga yanyawa. Masana sun lura cewa wannan ya yi kama da duban da 'yan ƙabilar Dogon na ƙasar Mali suke yi da sawun wannan dabba.

A nan ne ya yi furucinsa mafi tsauri. Ya ce mushirikai ne ba shakka, kuma yaƙarsu ta fi yaƙar kafiran da ba sa furta shahada sam, domin su sun cakuɗa gaskiya da ƙarya ta yadda jahilan Musulmi za su ruɗu. Haka kuma ya nemi a tilasta wa masu sihiri da masu bugun ƙasa da masu duban taurari su tuba, wanda ya ƙi kuma a hukunta shi da takobi.

Kisan ɗansa da komawa gida

Yana Gawo ne labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat, a ci gaban rikicin da ya baro. Cikin ɓacin rai ya nemi Askiya ya kama dukkan mutanen Tuwat da ke birnin, aka kuwa kama su.

Alƙalin Tambutu, Mahmud bin Umar, ya tsaya kai da fata cewa waɗannan fatake ba su da hannu a abin da aka yi a wata ƙasa mai nisa, kuma ba a kama wani da laifin wani. Askiya ya saurare shi ya sake su. Malamin da ya rubuta wa Rumfa babi guda a kan adalci, sai da wani malamin ya tuna masa da shi a ranar da abin ya taɓa gidansa.

Daga nan ya koma Tuwat, inda ya rasu a shekara ta 909 bayan hijira, wato tsakanin 1503 da 1504.

Bayan shekaru ɗari uku

Saran itace bai kawar da abin da ake yi a gindinsa ba. A Kano kanta, bayan Rumfa da kimanin ƙarni guda, aka sami Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu don kare gari. Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, aka fasa shi da gatura, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan bayyana abin da malamai suke kira takhliɗi, wato cakuɗa Musulunci da al'adun tsafi.

Amsoshin da aka ba Askiya sun ci gaba da yawo a hannun malamai ana kwafarsu, har suka iso ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikin Nurul Albab, Shehu ya raba mutanen ƙasar Hausa gida uku: Musulmi na gaskiya, da masu cakuɗawa, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. A cikin Sirajul Ikhwan kuwa ya ciro dogayen sassa daga amsoshin Almagili, ya auna sarakunan Hausa da ma'aunin da aka auna Sonni Ali. Hijirar Gudu a watan Fabrairun 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a cikin wannan shekara, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, duk sun sami hujjarsu ta fiƙihu daga takardar da aka rubuta a Gawo.

Amma Shehu ya riƙe rabin farko na ƙa'idar kamar yadda ya riƙe na biyu. Ya saɓa wa malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda ya tafi a kan cewa wasu manyan zunubai suna fitar da mutum daga addini. Ya kuma yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi ba.

Ƙalubale mafi ƙarfi ya zo ne daga Borno. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi ya rubuta wa shugabannin Sakkwato yana tambayar dalilin yaƙar ƙasar da ta shafe ƙarnoni tana salla da zakka da azumi. Ya amince cewa akwai masu yanka a wasu wurare, da cin hanci, da zaluntar marayu, amma ya ce waɗannan saɓo ne da jahilci, maganinsu koyarwa. Ya kawo misali da garin Dimyaɗ na ƙasar Masar, inda ya ce talakawa suna girmama wani itace, amma babu malamin da ya ce a yaƙi garin.

Muhammadu Bello ya amsa da cewa yanka ga itatuwa da duwatsu da ruwa shirka ne a kan kansa, sannan ya ƙara da hujjar cewa sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Haɓe a kan Musulmi. Bello ya adana waɗannan wasiƙu, har da na abokin muhawarar tasa, a cikin Infaƙul Maisur da ya rubuta a 1812. Ko a cikin gida ma, Abdullahi ɗan Fodiyo ya saɓa wa yayansa a kan fahimtar maganar Almagili game da wanda ya taimaki kafirai, yana ganin ba kowane taimako ne ke kai mutum ga kafirci ba.

Hujjar ta sake bayyana a yamma, lokacin da Alhaji Umaru Alfuti ya kafa ta a kan daular Masina, wadda ita kanta jihadi ne ya kafa ta, ya ci babban birninta Hamdallahi a 1862. Wannan karon Musulmi masu ilmi ne a ɓangarorin biyu na fagen fama.

A ƙarni na 20 muhawarar shirka a arewacin Najeriya da Nijar ta koma kan wasu batutuwan, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978: tawassuli, da ziyarar ƙaburburan waliyyai, da laya. Abin lura shi ne kowane ɓangare yana iya samun abin riƙewa a wurin Almagili. Masu tsananta yaƙi da shirka suna ganin magabacinsu a cikin amsoshin Gawo, 'yan Ƙadiriyya kuwa suna lissafa shi cikin shehunan da suka tsallako da ɗariƙar zuwa kudancin Sahara, kamar yadda ruwayoyin Larabawan Kunta suka nuna.

An fassara Tajud Din zuwa Turanci a 1932, sannan masanin tarihi John Hunwick ya wallafa amsoshin Askiya da Larabci da fassararsu a 1985. A watan Disamban 2022 gwamnatin Aljeriya ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan rayuwarsa a birnin Aljiyas.

A Kano, zuriyarsa suna unguwar Sharifai, kuma sunan ɗansa Isa, wanda aka fi sani da Sidi Fari, shi ne ya zama laƙabin shugabansu. Ƙabarinsa kuwa yana can a zawiyarsa da ke yankin Zawiyat Kunta, kudu da birnin Adrar, inda masu ziyara ke zuwa daga sassan Aljeriya da ƙasashen kudancin Sahara.